Gwaggo, Wadda Na Ce Ban Sani Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da fuskar da kunya ta hana ɗagowa, ni Sa'id ɗan marigayi Malam Garba, a madadin iyalina, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta na ƙauyukan Suki har zuwa Sinnar rasuwar injin ban ruwan gidanmu, wanda kowa ya sani da suna Gwaggo. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a rumfar wani maƙeri a kasuwar Suki, bayan jinyar wata bakwai a harabar 'yan sanda. Ta bar duniya tana da shekara talatin da ɗaya.

Mahaifinmu ne ya kawo ta a bayan lori shekarar da audugarsa ta yi kyau. Ya sauke ta a bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinmu, ya dafa ta ya ce daga yau ga ƙanwarsa. Shi ya sa muka tashi muna kiranta Gwaggo.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai ƙarancin ƙorafi. Ba ta taɓa ƙin tashi ba sai in an hana ta mai. In aka juya mata hannu sau uku, sai ta yi gyaran murya, kuhu, kuhu, ta fesar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama tuf, tuf, tuf-tuf-tuf, har sai gona ta ƙoshi. Da muryarta matan unguwa suke sanin lokacin ɗora shayi ya yi. Ta shayar da dawa da gyaɗa da kuɓewa, kuma da guminta aka yi aurena da Nasiba. Babu gidan da ya nemi aronta aka hana.

Game da ciwon ajalinta, an yi ta maganganu, kuma wajibi ne gaskiya ta fito daga bakina.

Bara ruwan tur'a ya yi ƙasa. Manoma suka zauna suka raba kwanaki, kowa da ranarsa. Juma'a ta faɗa wa maƙwabcina Audi, wanda gonarsa take can ƙarshen magudana, inda ruwa yake isa a gajiye. Ni kuma gyaɗata ta fara yaushi. Juma'a uku a jere, da zarar mutane sun tafi masallaci, sai in ɗora Gwaggo a keken jaki, in kai ta bakin tur'a, in zuƙe ruwan da ba nawa ba. Ita ba ta san ranar wa ce ba, aikinta kawai take yi. Audi yana dawowa ya tarar da laka, har albasarsa ta kwanta gaba ɗaya. Ya kai ƙara, amma bai ambaci sunan kowa ba.

A Juma'a ta huɗu ina bakin tur'a na ji ƙarar motar 'yan sanda. Na kashe Gwaggo, na ɗauki hannun da ake tayar da ita, na cusa shi cikin jallabiyata, na shige dawa. Da aka sauko daga masallaci jama'a suka taru, ni ma na fito na shiga cikinsu kamar wanda ya yi salla.

Shawish Hamid, babban ɗan sandan da ya zo, ya yi tambaya da Larabci, ya maimaita da Hausa: "Injin nan na wane ne?"

Babu wanda bai san Gwaggo ba a wurin. Amma babu wanda ya nuna ni, saboda darajar mahaifina. Audi ma ƙasa yake kallo. Shawish ya juyo gare ni.

"Sa'id, kai fa? Ka san shi?"

Na ce, "Ban san shi ba, Janabu, ranka ya daɗe."

Sun yi aikinsu yadda doka ta ce. Suka ɗauke ta, suka rubuta ta a littafi cikin kayan da ba a san masu su ba, suka ɗaura mata lamba, suka ajiye ta ƙarƙashin dogon yaro tsakanin wani keke da ƙyauren shago. Aka liƙa sanarwa a kasuwa da ƙofar masallaci cewa mai ita ya zo da shaidu biyu. Damina ta sauka a kanta, tsatsa ta fara cin ta. Shawish da kansa ya samo buhu ya lulluɓe ta, abin da ni ban yi ba.

Sau biyu Shawish yana tare ni a hanya. Ya ce, "Ya Sa'id, abin nan bai kai yadda kake tsoro ba. Ka zo ka ce naka ne, ka ba Audi haƙuri, alƙali ya yanke abin da zai yanke, ka ɗauki kayanka." Na ce in sha Allah. Daga ranar na canza hanyar zuwa kasuwa.

A gida Nasiba ta yi magana sau ɗaya kawai. Ta ce, "Baba ya ce ƙanwarsa ce. Haka ake barin gwaggo a hannun baƙi?" Ba ta sake tayar da zancen ba.

Da wa'adi ya cika, kotu ta ba da izinin gwanjo. Na je, na tsaya bayan mai shayi. Mai shela ya ɗaga murya sau uku ko akwai mai ita. Wani dattijo manomi daga hayin kogi ya zagaya ta, ya ce in za ta tashi zai saya. Aka nemi hannun tayarwa, babu. Aka gwada da wani ƙarfe, ta yi kuhu sau ɗaya ta yi shiru. Hannun yana gidana, ƙarƙashin gado. Dattijon ya girgiza kai ya wuce, aka sayar da ita ga maƙeri a matsayin mataccen ƙarfe, alhali lafiyarta ƙalau. Ranar Talata ya sa mata guduma. Waɗanda suke kusa sun ce ƙara ɗaya ta yi, gwaram.

Marigayiya ta bar tiyo mai faci huɗu, da bel ɗin inji ɗaya da bai taɓa aiki ba, da hannun tayarwar da aka ambata, da gona da ke jiran ruwa. Albasar Audi ta riga ta gidan gaskiya. Ta kuma bar mai ita, wanda bai cancanci a lissafa shi cikin dangi ba.

Iyali suna godiya ga Shawish Hamid da mutanensa bisa jinyar da suka yi mata.

Ba za a yi wanka ko binnewa ba, domin maƙeri ya ce murhu da lauje za ta zama. Ranar Juma'a mai zuwa, bayan salla, liman ya yarda in miƙe a gaban jama'a in faɗi abin da ke cikin wannan takarda. Daga nan za a raka ni ofishin 'yan sanda in amsa tambayar da aka yi mini wata bakwai da suka wuce. Zaman makoki zai fara Asabar, kwana uku, a gonar Audi, inda zan yi masa kaftu da dashe. A can za a karɓi gaisuwa, kuma shi za a yi wa, ba ni ba.

Na karanta wa Audi sanarwar nan jiya. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya dai ce in ƙara da cewa masu zuwa su zo da wuri kafin rana ta yi zafi, kuma kowa ya zo da fartanyarsa, shi tasa ɗaya ce.