Motar Injiniya Ta Ƙi Mutuwa

Duk wanda ya zauna a unguwar Damba ta Gusau bai san Injiniya Alhaji Mas'udu ba, to ya binciki kunnensa, don shi dai Alhaji ya yi iya ƙoƙarinsa. Allah ya hore masa irin ilimin nan da ba a samu a makaranta, shi ya sa ma bai wahalar da kansa da yawan zuwa can ba. Injiniyancinsa ya samo asali ne daga shekarun da ya yi yana riƙe da makullin sito a wata ma'aikata, inda ake jibge matattun tayoyi da jarkokin baƙin mai. A cewarsa, wanda ya daɗe yana shaƙar wannan wari, ilimin inji ya riga ya shiga jininsa. Da ya yi ritaya ya miƙa makulli, laƙabin kuwa ya taho da shi gida, tunda babu wanda ya ce a mayar.

Ayyukansa suna nan a bayyane. Fankar masallacin unguwa da ya gyara har yau tana juyawa, sai dai da baya take yi, tana kwashe iskar masallata tana kai wa rufi. 'Yan majalisarsa suna kiransa Bajamushen Damba. Yakan amsa da ɗaga hannu, cikin tawali'un manyan mutane.

To, sai ga labari daga Rawayya, garinsu na haihuwa, cewa ƙungiyar 'yan asalin garin za ta zaɓi sabon shugaba. Injiniya ya duba gabas ya duba yamma, bai ga wanda ya cancanta ba sai mutum ɗaya, kuma kullum yana ganinsa a madubi. Matsalar ita ce Alhaji Bashar, wani dillalin hatsi, shi ma yana so, kuma yana da sabuwar mota mai sulɓi wadda sai ta taka maka ƙafa za ka san ta iso. Injiniya kuwa babur gare shi. Shugaba a kan babur, babbar riga tana kaɗawa kamar shanya? Abin bai kwanta masa ba.

A Tsafe ya samo maganin abin. Wata tsohuwar mota ce da ta daɗe a gindin darbejiya har kaji sun mayar da kujerar baya ɗakin ƙwai. Mai ita ya sallama ta da arha, ya haɗa masa da godiya, har ya taya turawa. A Bungudu kuma ya ci karo da injin dizal na wata tsohuwar motar yashi da jikinta ya gama aiki, injin ya ƙi bin ta. Nan take basira ta sauko masa. A ranar ya tara 'yan majalisa ya yi musu bayani.

"Ku saurara ku ƙaru, yau kyauta ne. Fetur ruwan shayi ne, dizal shi ne tuwo. Motar Bashar shayi take sha, shi ya sa ba ta da murya. Ni zan ɗauki zuciyar giwa in dasa a ƙirjin barewa. Turawa sun yi tunanin haka, tsoro ya hana su. Ni ba na tsoro."

Majalisa ta ce, "Sai Bajamushe!"

Aka kai mota da inji garejin wani makanike da ake kira Garba Ba-Matsala, mutumin da tunda ya buɗe gareji ba a taɓa jin ya ce wani abu ba zai yiwu ba. Ya dubi injin, ya dubi motar, ya dubi aljihun Injiniya, ya ce, "Ba matsala, ranka ya daɗe." Injiniya ya sa aka kawo masa kujera da lema, ya zauna yana ba da umarni da tsinken sakace.

Injin ya ƙi shiga. Injiniya ya ce a yanke. Aka kira mai walda ya yanke nan, ya buge can, har inji ya zauna, amma kansa ya leƙo sama ta tsakiyar bonet, murfin gaban motar, kamar mai kallon biki ta katanga. Injiniya ya ce wannan shi ne rawanin motar. Nauyi ya danne gaba, baya ya ɗaga sama, mota ta tsaya kamar tunkiya mai shan ruwa. Injiniya ya sa aka cika but ɗin bayan motar da buhunan yashi, ya ce a ilimin inji wannan shi ake kira adalci. Salansa mai fitar da hayaƙi kuma ba ta sami hanya ta ƙasa ba, sai aka fito da ita ta gefe tana kallon sama.

Ranar da aka tayar da ita, tantabarun unguwar suka tashi gaba ɗaya, wasu ba su dawo ba har yau. Wani mai shayi da ke tsallaken titi ya ga kofunansa suna tafiya da kansu a kan tebur. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe gareji. Daga cikin hayaƙin aka ji muryar Injiniya tana rawa saboda girgiza: "Ku-kun ji fa-fawa? Ku-kun ji ƙa-ƙarfi?"

Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai. Wannan inji ba ya mutuwa da makulli. Garba ya zuro wata igiyar waya ta ƙarƙashin sitiyari, sai an ja ta da ƙarfi sannan inji ya yi shiru. Injiniya ya karɓa da ƙyar, yana cewa ba a yi wa mota igiya kamar akuya.

Makwabta a Damba sun sha bamban a kan motar. Masu jarirai sun daina gaishe shi. Wasu kuwa sun zo godiya, don tunda ya fara ɗumama ta da safe sauro ya yi ƙaura daga layin. Matarsa Hajiya Dije ta shiga sau ɗaya, suka je Wonaka gaida 'yar'uwarta, aka ba ta ƙwaryar kindirmo ta riƙo a cinya. Kafin su iso gida kindirmon ya kaɗe, man shanu ya taso ya yi curi a sama. Hajiya ta sauka tana dafa bango, haƙoranta suna ci gaba da haɗuwa.

"Alhaji, mi na yi maka?" ta ce.

"Kin shiga da nono kin fito da mai," in ji Injiniya. "Nuna mini motar Bashar ta taɓa yi wa matarsa haka."

Ranar zaɓe ta zo. Injiniya ya cika tanki har baki, ya saka farar malum-malum mai aiki har gwiwa, ya ɗora tabarau a goshi. Ya leƙa cikin mota, idonsa ya faɗa kan igiyar nan tana lilo. Ya hango kansa a gaban manyan Rawayya yana jan igiya kamar mai ɗiban ruwa a rijiya. Ina! Ya aro almakashin Hajiya ya datse ta, ya ɗauko wata jar waya ya ɗaura daga bayan makulli zuwa wani ƙarfe da ya yi masa kama da wurin da ya dace. Ya karkaɗe hannu. Hajiya ta ce ita kam za ta bi motar haya. Ya ce matar shugaba ba ta bin motar haya. Ta shiga tana salati.

Mutanen Rawayya sun ji zuwansa tun yana bayan gonaki. An kafa rumfa a filin gari, an jera kujeru, dattijon ƙungiya Malam Buba yana tsakiya, liman yana damansa, mata suna can gefe a inuwa. Motar Alhaji Bashar tana rakuɓe a bayan rumfa, shiru kamar marar lafiya. Injiniya bai ga dalilin ɓoye alheri ba. Ya kutsa har tsakiyar fili, ya tsaya daidai gaban manyan baƙi, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya murɗa makulli da yatsu biyu.

Inji bai ji ba.

Ya sake murɗawa. Ya zare makullin gaba ɗaya ya nuna wa injin ta gilashi. Inji ya ci gaba da ruri. Ya laluba ƙarƙashin sitiyari, hannunsa ya taɓo guntun igiya da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Sai dabara ta zo: ya saka giya ya saki kuloci don ta shaƙe ta mutu. Zuciyar giwa ba ta san wannan wasa ba. Mota ta yi tsalle, ta kwashe sandar rumfa guda, ta dira, wani abu ya ce ƙaras a ƙasa, gabanta ya durƙusa kamar raƙumi. Yanzu ba ta gaba, ba ta baya, ba ta kuma mutuwa. Hajiya Dije ta buɗe ƙofa ta nufi wajen mata ba ta waiwayo ba.

Da wani mutum ne, da tuni ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Injiniya ya fito yana murmushi, ya jingina da motarsa kamar haka aka tsara. Malam Buba ya ga jama'a sun taho daga nesa, ga abinci an dafa, ya yi nuni da hannu a ci gaba. Aka ba Injiniya dama ya fara jawabi.

Jawabi ne da ba a taɓa yin irinsa a ƙasar Bungudu ba. Ya yi magana a kan teknoloji. Ya yi alkawarin mayar da Rawayya cibiyar ƙere-ƙere. Ya nuna injin, ya nuna jama'a, ya bugi ƙirji, ya buɗe hannuwa kamar zai rungumi garin duka. Ko kalma ɗaya babu wanda ya ji, har shi kansa. Jama'a suna kallon baki yana motsi, hayaƙi yana mayar da farar riga ruwan toka. Da bakin ya tsaya suka tafa.

Malam Buba ya juya yana tambayar me aka ce. Alhaji Bashar, mutum mai son taimako, ya sunkuya ya kafa baki a kunnen dattijon ya fassara masa jawabin yadda ya ga ya fi amfani. Fuskar Malam Buba ta washe. Ya faɗa wa liman, liman ya faɗa wa na kusa, magana ta bi kunne kunne har wajen mata, sai ga guɗa tana keta ƙarar inji. Dattijon ya taso da sandarsa, ya kama hannun Injiniya, ya nuna injin, ya nuna gari, ya yi ihu. Abin da ya shiga kunnen Injiniya kawai shi ne, "...gaban jama'a... ka yarda?"

Ya yarda mana! Ya gyaɗa kai har tabarau ya faɗo. Ya dafa ƙirji. Ya ɗaga hannuwa sama don karɓar mulki, ya juya dama, ya juya hagu, sai hannun malum-malum ya bi ta bakin da injin yake shaƙar iska. Inji ya zuƙe riga ya cika baki da ita. Ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya girgiza, ya mutu.

Shiru ya sauka a Rawayya. A cikin shirun nan muryar liman ta fito tas, hannuwansa a sama:

"...Allah ka saka wa bawanka Mas'udu, wanda ya ce shi ba ya son kujera, ya bar wa ɗan'uwansa Bashar, ya kuma ba garin nan kyautar wannan inji domin matanmu su huta da kai niƙa nesa."

"Amin!" in ji gari guda.

Injiniya ya buɗe baki. Ya dubi liman, ya dubi surukansa a sahun gaba suna share hawaye, ya dubi tsofaffin da ke sa masa albarka, ga rabin rigarsa a cikin inji. Wa zai tsaya a gaban wannan taro ya ce a kwance addu'a? Ya rufe baki. Daga baya ya ce, a hankali, "Dama... dama tsarin ke nan."

Sabon shugaba, Alhaji Bashar, shi ya rage musu hanya zuwa Gusau. Motar ba ta da ƙara ko kaɗan, don haka Injiniya ya ji kowace dariya da Hajiya Dije take ƙoƙarin dannewa a cikin mayafi, tun daga Rawayya har ƙofar gida.

A majalisa yanzu yakan ce shugabanci na ƙananan mutane ne, shi masana'antu yake kafawa. Kuma gaskiya sunansa ya ɗaukaka. An girke injin a wata rumfar kwano a bakin kasuwa, an haɗa shi da abin niƙa, mutanen gari suka raɗa masa sunan mai kyautar. Kowace safiya za ka ji matan Rawayya suna cewa a yi sauri a kai wa Injiniya dawa tun bai fara hayaƙi ba. Dattawa kuma sun shaida cewa tunda suka san Injiniya yake cika gari da ƙara, amma sai yanzu ne ƙarar ta fara ba da garin tuwo.