Rasuwar Mabruka, Kilomita Tara Kafin Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gadon baya mai cike da ciwo, Alhaji Lahsen Ait Bihi yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa Mabruka, mai gado biyu da murhu da makewayi a cikinta. Ta cika ranar Talata da la'asar sakaliya, a bakin titi, tana da shekara ashirin da shida.

Marigayiya mai haƙuri ce. Duk bazara takan ɗauko Alhaji da matarsa Rkiya daga Beljiyam, inda yake aiki, ta haye teku a jirgin ruwa, ta kai su ƙauyensu kusa da Tingir, ba ta taɓa cewa uffan ba sai ɗan tari da asuba. Babban alherinta shi ne hon ɗinta: fam, fam, faaam. Mahaifiyar Alhaji, Lalla Itto, tsufa ya ɗauke mata fuskokin mutane, har ta ɗanta. Wannan ƙarar kaɗai ta rage mata. Da ta ji sai ta miƙe ta ce Lahsen ya dawo.

Ciwon ajali ya fara ne a Tanja, inda jirgin ruwa ya sauke su, bayan sallar asuba. Tunda mutum ba ya komawa gida hannu rabbana, an ɗora mata firji, da kekuna biyu, da katifu huɗu, da keken ɗinki na ƙanwar Rkiya. Don a rage mata nauyi, Alhaji ya zubar da ruwan sha da wanka da ke tankinta, ya bar jarka ɗaya saboda lagireto, wanda ya daɗe yana yoyo. Haka aka wuni, kwalta ba ta ƙarewa, rana na dukan gilashi, gwiwa ta sage, hira ta ƙare tun kafin garin Meknes.

Bayan sun wuce garin Midelt suka tsaya sallar azahar. Wasu mutum uku masu jiran bas suka yi sallama, Alhaji ya ce a ɗora shayi.

"Alhaji, ruwan Mabruka ne fa," in ji Rkiya.

"Ke dai kunna murhu. Baƙo ya yi sallama, in ce masa mota ce za ta sha?"

Sau uku aka zagaya da butar shayi, da na'ana'a da sukari. Baƙin suka sa albarka mai yawa, amma albarka ba ta shiga lagireto.

Marigayiya ta daure har ta wuce Rashidiya. Ana hango dabinon gida ta ce kof, kof, ta yi dogon tsaki, farin hayaƙi ya tashi, shi ke nan.

Alhaji ya ƙarasa a ƙafa, a gajiye liƙis. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya sumbaci hannunta. Ta dube shi da kyau, sannan ta ce, "Sannu da hanya, bawan Allah. Zauna, ɗana yana tafe, ban dai ji motarsa ba tukuna." Ta juya ta ce a ba baƙo shayi. Alhaji ya sha, hawaye na zuba, don bai taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

Marigayiya ta bar Alhaji, da Rkiya wadda har yanzu ba ta ce "na faɗa maka" ba, amma ana jira, da safayar taya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da baƙi uku da ba a san inda suke ba.

Za a jawo gawar da tarakta ranar Juma'a bayan masallaci, a ajiye ta bayan gida, inda kaji suka riga suka nuna sha'awa. Kafin nan za a cire hon da batir. Alhaji zai ɗauke su a ka zuwa bakin gari, ya danna sau uku, sannan ya tako gida.

Ana roƙon masu ta'aziyya su yi tsit a lokacin. Kunnen tsohuwa ya yi nauyi.