Ƙasar da Zakariya Ya Sa wa Akwatin Wuta

"Ni fa wutar lantarki ta san ni. In na shigo ɗaki, sai ta gyara zama!"

Haka Zakariya Dogo yake cika baki a majalisar mai shayi ta Ƙarfi. Abokina, kar ka ruɗu. Iyakar karatunsa wata biyu ne da ya yi a Funtua yana riƙe wa masu gyaran wuta tsani. Amma tun daga nan testa, 'yar abar gwada wuta, ba ta bar aljihunsa ba, ko masallaci da ita yake zuwa. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, mu kuwa Sarkin Tsani muke ce masa.

To, gogan naka yana neman auren Raudatu, malamar asibiti, 'yar Alhaji Maitama. Da ya ji Alhaji zai ɗauko ma'aikaci ya ja wuta daga mita zuwa ɗakin injin niƙa da ke bayan gida, sai ya je ya zube.

"Baba, ina raye a kira bare? A bar mini."

Alhaji ya ce, "To, mu ga aikinka, sannan mu yi maganar iyayenka."

Ranar farko ya haƙa ramin waya, ya fasa bututun ruwan gidan, agwagi suka sha biki. Rana ta biyu ya shimfiɗa waya, ta gaza da taku uku.

"Baba, wayar daidai take. Ɗakin ne magina suka kai nesa. Ko za a matso da shi?"

Alhaji ya yi masa wani kallo, ya sayo wata.

Da ya kafa ƙaramin akwatin wuta a bango, sai ya ga wata koriyar waya tana reto, ya rasa gidanta. Ya laɓe bayan rumbu ya kira tsohon maigidansa na Funtua, Malam Shitu, a salula.

"Wannan ta ƙasa ce," in ji Malam Shitu. "Akwati ba ya zama ba ƙasa. Kuma ƙasar tana son danshi, ka riƙa ba ta ruwa. Ka san yadda ake yi ai?"

"Haba Malam, ni ne fa!"

Malam Shitu sandar ƙarfe yake nufi, wadda ake kafawa a ƙasa a ɗaura mata wayar. Sarkin Tsani kuwa ɗan manoma ne. Ya tsuguna gindin rumbun masara, ya zaɓi baƙar ƙasa mai kyau, ya ɗura wa akwatin har rabi, ya dasa koriyar wayar a ciki. Aka yi kwana shida ba a kawo wuta ba, kullum da safe yana zuwa da buta.

Raudatu ta ce, "Injiniya, alwala kake wa akwatin?"

"Sirrin sana'a ne, ranki ya daɗe."

Rana ta bakwai da hantsi aka kawo wuta. Ya tara maƙwabta, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ɗaga makunni.

Fau! Hayaƙi ya turnuƙe, firjin gidan ya yi tari ya mutu, Injiniya ya tsallake katanga da takalmi ɗaya. Wallahi har ni na ji masa kunya.

Aka ɗauko Malam Shitu a babur, aka kamo Zakariya daga gonar dawa. Malam Shitu ya cire wutar, ya buɗe akwatin. Ga taɓo, ga koriyar waya a tsakiya, ga tsiron masara guda biyar sun miƙe abinsu. Raudatu ta toshe baki da mayafi, ta shige gida da gudu.

Alhaji ya leƙa, ya ƙirga tsiron da yatsa, ya juyo a hankali.

"Zakariya, ka ce wa iyayenka su yi zamansu. Amma Allah ya gani ba zan ci guminka ba. In masarar ta yi goyo, ka zo ka karya abinka."