Yadda Jang-tiye Ta Hana Ni Zuwa Legas

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Sinawa suka zo haƙa rijiyoyin burtsatse a Gombe ba, lokacin kuɗin mai yana tashe. Mu biyu ne akawu a yadin aikinsu da ke unguwar Gabukka, ni da Bitrus, wani mutumin Kaltungo mai fara'a. Sai aka ce ɗayanmu za su tura kwas Legas. Daga ranar na daina ganin kyan Bitrus, ko dariyarsa haushi take ba ni.

Abin da ya fi ci mini rai, babban Sinawan, Mista Li, ya koya masa wata kalmar yarensu, jang-tiye. Wai kalmar manya ce, ta liƙa sanarwar hukuma a allo, ba liƙe-liƙen yara ba. Kullum sai ya miƙa masa takarda ya faɗi kalmar, Bitrus ya ɗauki kwalbar ƙaro yana taku kamar shi ya sassaƙa allon. (Ni fa na girme shi a aiki da shekara uku.) Kwana biyu ina bitar kalmar, a kan keke, a kan tuwo, har mai ɗakina ta tambaya ko sabon wuridi aka ba ni.

Ran Litinin na riga kowa zuwa. Na tarar da takarda a teburin Mista Li, cike da rubutunsu tsaf. Ko ɗigo ban iya karantawa ba, amma na yanke hukunci babbar sanarwa ce. Na lafta mata ƙaro, na manna a tsakiyar allo, na koma gefe ina jiran yabo.

Sinawa shida suka taru. Ɗaya ya fara karantawa da ƙarfi, sauran suka riƙe ciki. Da Mista Li ya iso na ƙame na ce, "Jang-tiye, ranka ya daɗe."

Kunnuwansa suka yi jajir. Ya sa farce zai ɓamɓare, ƙarona kuwa ya kama gam.

Bitrus ne ya ja ni gefe. "Malam, tafintansu ya ce wasiƙar matar Mista Li ce. Tana tambaya ko basir ɗin ya lafa."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bitrus ya tafi Legas. Kafin ya tafi, shi ya roƙa kada a kore ni, wannan kuma ya fi komai ƙona mini rai. Tun ina yaro nake jin ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ban dai san ni zan yi dakon takin ba.