Wayar Azurfa ta Shugaba Onodera

Matso kusa, ja matashi ka zauna, ga shayi nan bai huce ba. Yau labarin babban mutum zan ba ka, Shugaba Onodera, wanda a bayan idonsa muke kira Kunnen Duniya.

Shekara goma sha ɗaya yana shugabancin ƙungiyarmu ta masu rediyon oba-oba. Mu goma sha biyu ne, magidanta masu furfura da ke ƙarar da Lahadinsu wajen kiran baƙi a ƙasashen da ba za su taɓa takawa ba, don kawai su tambaye su, "Kana ji na da kyau?" A cikinmu babu kamarsa. Malamin lissafi ne a da, kuma tun da ya yi ritaya bai lura an tashi daga aji ba. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka ita.

A daminar da nake ba ka labari ya sanar da cewa zai gina eriya mai kusurwa huɗu. Gora ake gicciyawa, a zagaye bakinta da waya ta yi murabba'i, a yi irin wannan biyu, ɗaya a bayan ɗaya, a ɗora a kan hasumiyar ƙarfe. Gora kam yana da ita, tun kakar bara ya sare ya busar. Waya ce ta rage.

Haga, mai gyaran wutar garinmu, ya yi gyaran murya ya ce, "Shugaba, ka sa irin wadda nake ja a gidajen wanka, mai rigar roba. Ka dai rage tsawon kaɗan, don robar tana sa eriya ta ɗauka ta fi tsawonta. Shekara goma ba abin da zai same ta."

Onodera ya dube shi ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya ci sifili.

"Haga, kai fitila kake kunnawa, ni da nahiyoyi nake magana. Saƙon rediyo ba ya bin cikin waya, a fatarta yake gudu. Wace fata ce ta fi ta azurfa? Za ka sa wa muryata rigar roba, sai ka ce mai wankin kwanuka?"

Muka gyaɗa kai. Mun iya gyaɗa kai, shi ne abin da muka fi ƙwarewa a kai bayan shan shayi.

Ya hau jirgin ƙasa har Tokyo, awa bakwai, ya dawo da naɗin wayar jan ƙarfe mai ruwan azurfa, siririya, silalla kamar gashin amarya. Da farar safar hannu ya fito da ita a wajen taro. Kallo an yarda, taɓawa babu. Sannan ya miƙe ya gyara kwat.

"Ranar taron kaka, a gabanku duka, za a ji muryata a Brazil. In ba a ji ba, na ajiye kujerar nan. A rubuta."

Aka rubuta.

To, garinmu a kan maɓuɓɓugar ruwan zafi yake, iskarsa kullum da warin farar wuta, kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a bayan gida. Babu macen da ke sa zoben azurfa a nan, 'yan makonni sun ishe shi ya koma gawayi. Kowa ya san wannan. Matarsa Tokiko ce kaɗai ta faɗa, tana zuba mana shayi.

"Baban yara, ka manta cokulan azurfa na bikinmu?"

"Cokali daban, kimiyya daban," in ji shi.

Mu kuwa ba wanda ya goyi bayanta. A wajenmu ba a gyara wa babba magana a gaban jama'a. Wannan shi ne dalilin da muke bayarwa. Ɗaya dalilin, ƙyallin nan ya riga ya shiga mana ido.

Ranar ɗaga eriya, kamar yadda muka saba, kowa ya zo ya ja igiya, mai gida kuma ya ciyar da mu taliya mai sanyi. Haga ya taho da ƙarfen liƙi don a liƙe mahaɗan wayar da dalma. Onodera ya tare shi da hannu biyu.

"Dalma a jikin azurfa? Haga, kana da tausayi kuwa?"

Da yatsunsa ya murɗe mahaɗan. Eriya ta hau sama tana walƙiya, har baƙin da suka zo wanka suka fito da rigunan wanka suna nuna ta. Onodera ya tsaya a gindin hasumiya, hannu a ƙugu, yana amsa gaisuwar da ba a yi masa ba.

Mako biyu, waya ta yi rawaya. Ya ce ta koma launin zinariya, ci gaba ne. Mako huɗu, ta yi ruwan ƙasa. Ya ce tana sabawa da yanayi. A mako na bakwai ta yi baƙi ƙirin, tana ɓarɓashi. Daga nan ya daina ɗaga kai sama. Da laima yake fita ko babu hadari.

Safiyar taron kaka muka cika ɗakinsa, mun naɗe ƙafafu a kan tabarma. Ya ɗaura laktaye a wuya. Ya juya eriya ta fuskanci Brazil, ya danna makirufo. Akwai wata allura a jikin na'urar da ke nuna yawan wutar da ta kasa fita ta dawo gida. Ta tashi ta manne a kan ja. Ya ɗora kofin shayi a gabanta, ya ci gaba da kira.

Minti arba'in yana kiran Brazil. Sai ga murya can cikin shuuu. Ya ɗaga hannu, muka ɗauke numfashi.

"Malam Onodera ne? Ni ne Sugai na ƙauyen bayan dutse. Ina jin ka ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Lafiya dai? Ka gaida uwargida."

Kilomita goma sha biyu ne tsakaninmu da ƙauyen. Ko ihu ya yi daga saman hasumiyar da ya kusa kaiwa.

Ya kashe na'ura, ya miƙe, ya rusuna mana har ƙasa. Muka sunkuyar da kai da fuskokin jimami, amma ta wutsiyar ido kowa Haga yake kallo, don mun riga mun gama naɗa shi shugaba a zuci.

"Alkawari na yi," in ji Onodera. "Amma kafin in sauka, wata wasiƙa ta iso jiya daga kantin Tokyo da na sayo wayar."

Ya warware ta a hankali. Mai kantin yana gode masa ne bisa sababbin masu saye da ya jawo masa daga garinmu, kowanne ya aika a kawo masa irin wayar Shugaba. Ya shiga karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, da muryar kiran rajista. Ba zan ɓoye maka ba, nawa ne na uku. Sunaye goma suka wuce.

"Haga," ya karanta, ya dakata. "Naɗi biyu."

Haga ya yi ja har kunne. "A kwalba na rufe ta, Shugaba. Kallo kawai nake yi."

Onodera ya ninke wasiƙa, ya koma ya zauna daram a mazauninsa.

"Na ce zan sauka domin na yi kuskure. To, wa zan miƙa wa? Wanda bai yi shi ba ya ɗaga hannu. Ni ko ba komai na rataya tawa a sama, gari ya gani. Ku taku a cikin kabad ta yi baƙi."

Ba wanda ya ɗaga hannu. Sai da aka zo zaɓe hannuwa goma sha ɗaya suka tashi, duka nasa. Tokiko ta leƙo ta ƙirga mu, ta girgiza kai, ta koma ta ɗora wani ruwan shayin.

Yanzu kai da ka ji, da kana ɗakin nan, wa za ka ba kujerar: wanda ya hau hasumiya da wautarsa, ko ɗaya daga cikinmu da muka ɓoye tamu a kabad?