Rasuwar Allon Kantinmu Mai Jajayen Haruffa

Da zuciya cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyayyen kai ba, ni Hamadu mai zare na kasuwar Garwa nake sanar da rasuwar allon lantarkin da ke bisa ƙofar kantinmu. Ya cika ranar Litinin da la'asar, yana da shekara ashirin da shida a bakin aiki.

Marigayin bai taɓa lanƙwasa harafi don ya burge kowa ba. Da 'yan jajayen ɗigo yake gina kowanne, mai kusurwa huɗu kamar tubali, ya tura su daga dama zuwa hagu yana kukansa na zzzz. Masu buga manyan hotuna a leda sun sha ce masa tsohon yayi. Su dai nasu rana ɗaya ta watan Maris take kodar da shi.

Yayana Sulaimanu ne ya sayo shi, shi kaɗai kuma ya iya ba shi magana. Kowane mako zai tsaya da telekoman, wato rimot ɗin allon, a hannu ya sauya rubutun. Shekara goma ke nan da ya kai kaya Kolofata, lokacin da hanya ta lalace da 'yan bindiga, telekoman ɗin na cikin aljihunsa. Bai dawo ba, ba mu kuma sami gawa ba. Tun ranar allon abu guda yake faɗa: NA TAFI KOLOFATA, ZAN DAWO LARABA.

Dangi sun ce in kashe shi, wai ina hana zuciya hucewa. Mai rumfar da muke haya ya ce yana korar masu saye. Na ƙi, kuma ban yi nadama ba.

Jinyarsa ta faro daga harafin farko, ɗigo na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Litinin wuta ta dawo da ƙarfi, ya ce ɗas, ya yi hayaƙi. Na yi kuka a gaban masu sayen zare.

Ya bar magada da yawa. Madeleine ta Kaélé ta ƙirga ɗigonsa ta saƙa sunayen jarirai a rigunan sanyi. Hajiya Kaltume, matar Sulaimanu, ta ɗinke haruffansa a huluna sama da ɗari, ita da ba ta shiga lakwal ta yi boko ba. Ta ce ɗigo ɗaya allura ɗaya ne, ba sai da malami ba.

Masu sayen tsohon ƙarfe kada su wahalar da ƙafarsu. Mai rumfa ma ya ajiye ledar talla da ya bugo don maye gurbin marigayin.

Za a sauke marigayin da safe, a naɗe shi a farin yadi, a kai ɗakin Hajiya. Daga nan Hubert magini zai kwaɓa simintin Figil, ya jera jajayen gutsattsarin karo, wato tayil, a bangon kanti, gutsure ɗaya ɗigo ɗaya, ya mayar da maganar yadda take. Mu ga wutar da za ta kashe wannan.

Masu ta'aziyya su zo ranar Laraba. Dama ranar muke jira.