Ranar da na fita da gidan faifai a ƙarƙashin riga

Ba zan taɓa mantawa ba da ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, a shekarar da aka fara aiki da Shari'a a jiharmu. Mu uku ne a shagon buga takardu inda nake aiki: ni, da maigidana Alhaji Garba, da ƙanensa Isiya. Alhaji ya zaro wani faifan kwamfuta daga aljihu, irin baƙin nan mai kusurwa huɗu da ake kira filofi, naɗe a cikin hankici. Ya ce hoton mahaifinsu ne a ciki. Hoton takarda gara ta cinye shi, sai wannan da aka taɓa ɗauka da na'ura a Gusau, kuma duk duniya babu wani. Yana so in kwafa shi a kan tsofaffin faifai huɗu da muke da su, kowane ɗan marigayin ya samu ɗaya. Daga nan suka shiga kasuwa sayar da gero.

Ya kamata ku san irin mutumin da nake a lokacin. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma ina da tsari, kuma ina da faɗa. Ni ne mai tsayawa a bakin tasha in yi wa direbobi nasiha a kan cakuɗa maza da mata (ba wanda ya ɗora mini wannan aiki, ni na ɗora wa kaina). Don haka mutane suna ɗan shakkata, ni kuma ina jin daɗin haka.

Na yi bisimilla na tura faifan. Gidan faifan, wato ɗan akwatin da ke jikin kwamfuta mai karanta shi, ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, sannan ya yi shiru. Na danna maɓallin fitarwa, bai fito ba. Na sake dannawa da ƙarfi, maɓallin ya shige ciki ya zauna.

Na bi abin daki-daki kamar yadda na saba. Da farko na kashe kwamfutar na kunna. Sai na busa iska a ramin. Sai na zura bakin wuƙa. Daga ƙarshe na ɗiga masa man keken ɗinki, domin a sanina babu ƙarfen da ke ƙin mai. Da na ga man ya ɓace a cikin ramin da mahaifin Alhaji yake, sai na gane na yi ɓarna.

Alhaji yana nan cikin kasuwa, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Amma na kasa tunanin tsayawa a gabansa in ce na zuba wa babansa mai. Na san wani mai gyaran rediyo a Kaura Namoda da ake cewa yana taɓa kwamfuta. Sai na yanke shawarar in kwance gidan faifan, in kai masa, in dawo kafin la'asar ba tare da kowa ya sani ba. Na kwance notuna, na zaro shi, na cusa a ƙarƙashin babbar riga, na kulle shago.

Sai da na fito titi sannan wani lissafi ya faɗo mini. Kayan wani ne. Na fitar da shi daga inda aka adana shi. Mai shi bai sani ba. A ɓoye na fito da shi. Waɗannan kuwa su ne abubuwan da na ji malamai suna jerawa a wa'azi idan suna bayanin satar da ake yanke hannu a kanta, ni ma na sha jera wa wasu su. A 'yan watannin nan ba a hirar komai a majalisa sai ta yanke hannu. Na dubi hannuna na dama, wanda da shi nake buga takardu in ci abinci, na ga kamar ba nawa ba.

Daga shago zuwa tasha duk wanda ya gaishe ni sai in ji kamar tambayata yake yi. Wani mai rake ya ce, "Malam, ina zuwa haka da rana?" Na ce masa ba ni ba ne (har yau ban san abin da nake nufi ba). Gumi ya jiƙa mini riga, kusurwar akwatin tana sukar haƙarƙarina, ni kuwa ina tafiya a karkace kamar mai ciwon ciki.

Da na shiga tasha ban ɗaga kai ba. Na ji ana kiran Kaura, na ga mota a buɗe babu kowa, na faɗa kujerar baya, na rungume cikina, na rufe ido na shiga addu'a. Na daɗe a haka. Abin da ya fara damuna shi ne ranar kasuwa ce amma motar ta ƙi cika. Ina jin motsin mutane a kewaye da ita, ina jin ƙus-ƙus, amma ba wanda ya shigo. Na ce a raina shi ke nan, labari ya riga ni isowa.

Sai aka ƙwanƙwasa gilashi. Na buɗe ido na ga 'yan agaji biyu cikin kakinsu, waɗanda ke kula da tsarin tasha. Babbansu ya ce, "Malam, fito."

Na fito. Na jingina da ƙofar motar.

Ya ce, "Ka san abin da ka yi?"

Na ce na sani. Kuma tun kafin ya ƙara kalma na zaro akwatin daga riga na ɗora a kan motar, na fara bayani da murya mai ƙarfi, bi da bi. Na ce kayan Alhaji Garba ne. Na ce bai san na ɗauko ba. Na ce mahaifinsa yana ciki kuma na zuba masa mai. Sannan na miƙa hannuna na dama na ce ina roƙon arziki a duba, da shi nake ciyar da mutum shida, in akwai hali a ɗauki na hagu.

Ɗan agajin ya dubi akwatin, ya dubi hannuna, ya dubi abokinsa. Sai ya ce, "Malam, mu ba mu san wannan zance ba. Wagga mota ta mata ta. Tun ɗazu suke tsaye cikin rana suna jira ka fita."

Na juya. A jikin ƙofar da na jingina da ita ga zanen mace da hijabi, babba, wanda makaho kaɗai zai wuce bai gani ba. A gefe kuma ga mata sun fi shida da ƙullin kayansu. Wata tsohuwa mai ƙwaryar daddawa ta leƙo fuskata ta ce, "Ashe kai na, mai yi muna wa'azi. To Hajiya, in kin gama addu'ar a matsa muna mu zauna."

Direbobin da na shekara ina yi wa faɗa suka fashe da dariya, wani har da zama a ƙasa. Amma ni tsorona bai tafi ba, domin yanzu na yi iƙirari da bakina a gaban shaidu da suka fi ƙarfin ƙirga. 'Yan agajin ma sun ce tunda na faɗa, dole a kira mai kaya. Aka zaunar da ni a kan benci, akwatin a gefena, aka tafi neman Alhaji.

Ya iso da ƙurar gero a rigarsa, Isiya na biye. Aka maimaita masa duk abin da na ce, har da zancen hannun hagu. Sannan ya ce da su, "Makullin shagon gaba ɗaya yana hannunsa. In da ɓarawo ne, da kwamfutar zai ɗauka, ba hanjinta ba. Ku bar mini shi." Ya juyo gare ni ya rage murya. "Baba fa? Yana nan?"

Na ce ban sani ba, Alhaji.

Wannan ya yi mini ciwo fiye da dariyar. Tare muka shiga motar maza, ni da shi, har Kaura. Mai gyaran ya buɗe akwatin, ya nuna mana ɗan ƙarfen da ke rufe bakin faifan ya lanƙwashe ya maƙale. Ya zare faifan a hankali da hantsaki, ya goge man da auduga yana tambayar wane ne ya soya na'urar (Alhaji ya nuna ni da haɓa). Man bai kai ga cikin faifan ba. Ya haɗa akwatin da tasa kwamfutar, muka tsaya muna jin ƙarar. Hoton ya fara fitowa daga sama, layi bayan layi: rawani, goshi, sannan idanu. Alhaji ya ce, "Shi ne," ya zauna a kan wani tsohon talabijin ya share fuska.

Washegari na kwafa faifai huɗun, Alhaji na zaune a bayana. Bai kore ni ba, bai kuma sake ambatar zancen ba. Mutanen tasha ne ba su bari ba. Na bar yi musu nasiha daga ranar, domin duk sanda na buɗe baki sai wani ya ce, "A yi shiru, Hajiya za ta yi magana."

Abin da na koya shi ne, tafiya zuwa wurin mai kaya a ce masa an yi ɓarna ta fi kowace tafiya gajarta, kuma mutum ya bari a tambaye shi kafin ya amsa laifi. Hannayena biyu suna nan, da su na rubuta wannan. Roƙona gare ku ɗaya ne: idan kun zo Shinkafi kuna nemana, ku tambayi Malam mai buga takardu. In sun ce ba su gane ba, to ku faɗi ɗaya sunan, amma don Allah a hankali.